Babi na Shida: Jibi Miya

Sunan garin ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A wata taswirar za ka ga Abu Hujar, a wata Abu Hajar, a littattafan masu tonon kayan tarihi kuma Abu Hugar, don da wannan rubutun garin ya shiga bakin masana a 1951, shekarar da aka buga bayanin Dorothea Bate kan ƙasusuwan namun dajin zamanin da, waɗanda aka haƙo a can da kuma Sinja. Turawan mulkin mallaka sun saba rubuta jim ɗin mutanen Sudan da g, shi ya sa Jazira ta koma Gezira, Sinja ta koma Singa. Da haruffan Larabci kuwa rubutun ɗaya ne tak: أبو حجار. Sai dai babbaƙu ne zalla, ba wasali. Ɗan ƙasa zai karanta hujar, wato duwatsu. Ka miƙa wa mutumin Sham takardar, hajjar zai ce, masassaƙin dutse, wanda ma sunan dangi ne sananne a Siriya da Labanon. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Gurbin da tawada ta bari, kowa ya cike shi da abin da ya zo da shi daga gida.

Rabin farko na sunan ya fi haka rikici. Balarabe ya ji abu, uba ya ji. A bakin mutanen Sudan kuma kalmar ta ɗauki aikin da “mai” take yi a Hausa: abu shanab mai gashin baki, abu hujar mai duwatsu. Bahaushe kuwa abu a wurinsa shi ne duk abin da aka manta sunansa ko ake jin nauyin faɗa, sannan Abu ce Zainabu, Abu ne Abubakar. Yaron da ya tashi a unguwar Hausawa ta wannan gari yana yawo da ma'anonin nan duka a kansa, kuma ba ya tuntuɓe.

Garin yana jihar Sinnar, a gaɓar yamma ta Nilul Azraƙ, kudu da Sinja, kan hanyar Damazin. Hausawa da Fulani da Barebari sun daɗe suna ratsa wannan ƙasa da ƙafa zuwa Makka, wasu su dakata neman guzuri, dakatawar ta zama zama. Babban ayari ya zo ne bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. A watan Yulin shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a ya yi gabas. Garin da ya kafa kudu da Sinnar sunansa yake amsawa har yau, Mayirno a bakin 'yan ƙasa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, neman ƙwadago ya ƙara jawo wasu, ƙauyukan Hausawa suka jeru a bakin kogi, ana noma, ana su, ana fatauci. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi littafi guda a 1999 kan yadda Hausar waɗannan mutane take sajewa da Larabci. Mu a nan wani lungu ɗaya na zancen za mu leƙa: abin da ke faruwa idan harsunan biyu suka haɗu a kan takarda ɗaya.

Mu fara da abinci, tunda ƙasar ta noman dawa da riɗi ce. Bahaushe ya ce dawa, hatsi yake nufi, ko kuwa daji, gwargwadon yadda ya ja wasalin ya kuma karya muryar. Maƙwabcinsa Balarabe ya ce dawa, magani yake nema, kuma haka kalmar take a Swahili. Hatsin da muke kira dawa su dura suke ce masa, wadda in ka sa mata ƙugiya ɗaya ta zama ɗura, abin da ake yi wa jariri. Suna kuma kiransa esh, عيش, kalmar da asalinta rayuwa take nufi. Wannan rubutun ɗaya, a Masar burodi ne, a ƙasashen Larabawan Tekun Fasha shinkafa, a Sudan dawa. Kowace ƙasa ta ɗauki abin da ke riƙe mata ciki ta sa masa suna rayuwa, kuma ban ga laifinsu ba.

Miya a kasuwar Sudan ba a tukunya take ba, ɗari ce. In an ce abu miya miya ne, to ya yi ɗari bisa ɗari. Ta wannan tushen ne tsofaffin fatakenmu suka sami minya da metan. Amma ka rubuta مية ka nuna wa Bamisire, yana iya karanta mayya, ruwa. Jibi kuma, wadda a wurinmu rana ce ta bayan gobe, a can umarni ne ga mace: kawo. Da wani wasalin, rubutun nan جيبي aljihuna yake nufi. Saboda haka “jibi miya” magana ce cikakkiya a harsuna biyu. Mai shago ya faɗa wa yarinya, ɗari yake so ta ba shi. Uwa ta faɗa wa 'yarta da ta dame ta da ƙorafin gayan tuwo, haƙuri take ba ta na kwana biyu.

Irin waɗannan ba sa ƙarewa. Sawa a can tare ne, a Swahili daidai, a nan sa tufa. Ana a can “ni” ce, a Turkanci uwa, a Hausa aikin da ake cikin yi. Mara a can mace ce, kuma rubutun nan nata, مرة, shi ne marra, sau ɗaya, shi ne murra, mai ɗaci. A Hausa ga marar ciki, ga marar kwasar tuwo, ga mara kunya. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce mafi. Duk alhajin da ya taɓa ɓata a Makka ya ji direba ko ɗan sanda ya ce masa, “Mafi mushkila, ya Hajji.” Ma fi, wato babu. Amma mushkila ta daɗe da zama kalmarmu, mafi kuma ita ce ƙololuwa: mafi kyau, mafi tsada. Ana kwantar wa tsoho da hankali cewa ba komai, kunnensa na Hausa yana gaya masa ya faɗa matsalar da ta fi kowace.

A baka dai ruɗanin kaɗan ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, murya tana hawa tana sauka, wasali yana gajarcewa yana tsawo, sannan ga fuskar mai magana, ga wurin da ake. Babu matar da za ta kawo wa mai ciwon kai buhun dawa. Rikicin a takarda yake, domin takarda ita ke zubar da duk waɗannan alamu ta bar ƙashin kalma kawai.

A nan ne labarin Abu Hujar ya bambanta da na Kano. Kakannin waɗannan mutane da ajami suka zo. A ajamin Hausa, harafin غ, wanda almajirai ke kira angai, shi ne g, harafin ق kuma galibi shi ne ƙ. Haka aka rubuta waƙoƙin zamanin jihadi, haka sarakuna da fatake suka rubuta wasiƙunsu. To amma mutanen Sudan ق ɗin ne suke furtawa g: galam, gahawa, gamar. Yaron da ya yi makarantar gwamnati da Larabci, ya ɗauki waya mai haruffan Larabci zai rubuta wa ɗan'uwansa saƙo da Hausa, hannunsa kan ق zai tafi in yana son g, domin abin da idonsa ya saba ke nan. Tsiren da Hausawa suka kai Sudan, wanda ake kira agashe, أقاشي ake rubuta shi a allon masu sayarwa, goro kuma قورو. Malamin zaure na Sakkwato da ya ga waɗannan, ƙ zai furta a duka biyun, ya rasa gane abin da ake talla.

Duba kalmar قاري. Ɗan Sudan zai ce gari, mai karatu. Zol gari shi ne mutumin da ya yi makaranta. Saurayi Bahaushe na ƙauyukan Sinnar yana iya nufin garin tuwo da ita. Kakansa kuma ƙari zai gani, wanda ake roƙon mai awo ya yi. Haruffa huɗu, masu karatu uku a gida ɗaya. Haka قرا: gara, ya yi karatu, ko kuwa gara, ƙwaron nan, wadda ita ma, a gaskiya, ba ta raina littafi. In aka juya ta ɗaya gefen ma haka ne. Tsoho ya rubuta غدا yana nufin gada ta daji, jikansa ya karanta gada ta Larabcin gida, abincin rana, malamin nahawu kuma ya ce a'a, gadan ce, gobe. Su kansu mutanen Sudan waɗannan haruffa biyu suna ba su wuya, don a kalmomin littafi sukan furta ƙaf kamar angai, har ake musu ba'a cewa istiƙlal, 'yancin kan da suka samu a 1956, a bakinsu ba ya rabuwa da istiglal, ci da gumin wani.

Akwai kuma maganar ɗigo. Allon ƙasar Hausa rubutun Magrib yake bi, da ruwayar Warshu: fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonsa ɗaya a sama. Littafin makarantar gwamnati da jarida da waya kuwa rubutun gabas suke bi: fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ke nan harafi mai ɗigo ɗaya a ka, wanda ya taso da allo ƙ zai karanta, wanda ya taso da littafin bugu f zai karanta. “Ya ƙara” ta zama “ya fara”, ƙari ya zama fari. A wasiƙar gaisuwa wannan abin dariya ne. A takardar bashi ko ta gado ba abin dariya ba ne. Ita makarantar allon ma, a Sudan halwa ake ce mata, خلوة, kalmar da mu muka ware wa keɓewar malami don ibada. Ka ɗauke ɗigon da ke kan ha mai ruwa, ta koma حلوة, mai zaƙi, dangin alewa.

Kada mai karatu a Kano ko Maraɗi ya ɗauka cewa boko ya tsira. Ta wani fannin ma ajami ya fi shi gaskiya, domin marubutan ajamin Hausa suna sa wasali a kan kowane harafi, suna kuma nuna mai tsawo da gajere. Garin da ake zama غَرِي ne, garin tuwo غَارِي, alif ɗaya ya raba gardama. Bokon da Hanns Vischer ya tsara wa ƙa'idoji a 1912, aka ƙara masa ƙugiyoyi a shekarun 1930, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa shi daga 1939, bai damu da tsawon wasali ba balle karin sauti. Shi ya sa kuka ɗaya ce ko ta miya ko ta hawaye, wuya ɗaya ce ko ta jiki ko ta rayuwa, fito kuwa ya haɗa na baki da na jirgin ruwa da na cewa mutum ya bar ɗaki. Bayan taron daidaita rubutu da aka yi a Bamako a 1966 an gwada ninka wasali mai tsawo a Nijar, daga baya aka bari don rubutun ƙasashen biyu ya daidaita. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham suna sa alamomin, amma wa ke rubuta wasiƙa da ƙamus a hannu?

Misalin da ya fi dacewa da mutanen Mai Wurno shi ne nasara. A Larabci kalmomi biyu ne da rubutu biyu, نصر da نصارى, cin galaba da kuma Kiristoci, sunan da kakanninmu suka ba Turawa. Boko ya narkar da su wuri ɗaya, babban baƙi ne kawai ke raba su. Nasarar Nasara ce ta tashi ayarin Burmi, kuma rubutun da Nasaran suka bar mana ba ya iya bambanta su da abin da suka yi.

In aka fita duniya sai abin ya zama kamar wasa. Gari a Swahili mota ce, kalmar da ta ƙetaro teku daga Indiya. A Japan citta ce da ake jiƙawa a ruwan tsami a ci da ɗanyen kifi. A Brazil mai sharar titi ne, daga sunan wani Bafaranshe, Aleixo Gary, da aka ba kwangilar share Rio de Janeiro a 1876. Kano a harsunan Holan da Denmak da Turkiyya da Indunusiya kwalekwale ne, a Japan kuma sunan dangi, irin na Jigoro Kano da ya kafa wasan judo a 1882. Kuka a Finlan tambaya ce, wane ne, a Hangare kwandon shara. Kaka a Swahili wa ne, a Suwidin wainar Turawa. Mama kuwa, wadda za a rantse ko'ina uwa ce, a Jojiya uba ake kira da ita.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, lissafi ne. A ce harshe yana da baƙaƙe 20 da wasula 5. Gaɓoɓi 100 ke nan na baƙi da wasali. Kalma mai gaɓa biyu, irin su gari da kuka da dawa, siffofinta ba za su wuce 10,000 ba. Harsunan duniya kuwa kusan 7,000 ne, da yawansu irin wannan ginin suke so, kuma ɗaruruwa daga cikinsu da haruffan nan 26 na Latin ake rubuta su, wasu da dama da na Larabci. Dole a yi karo. Da a ce ba a samun irin wannan haɗuwa, wannan ne zai zama abin al'ajabi. Su mama da baba da dada kuma nasu dalilin daban: su ne sautukan da leɓen jariri ke fara iyawa a kowace ƙasa, iyaye su yi rige-rigen cewa da su ake.

To yaya ake gane kalmar da ke da dangantaka ta gaske daga wadda sa'a ce kawai ta haɗa? A nan zan ɗan daɗe, don nan ne mutane masu hankali ke zamewa.

Ɗauki mai shari'a. Larabcin littafi ya ce al-ƙadi, القاضي. Mutumin Sudan ya ce gadi. Ka rubuta wannan da boko, Bahaushe zai ga gadi, aikin maigadi, wadda daga Ingilishi muka aro ta, ba ruwanta da kotu. 'Yar'uwar gadin Sudan ta gaskiya a Hausa ita ce alƙali, wadda ko kaɗan ba su yi kama ba. Abin da ya tabbatar da hakan ba kallo ba ne, ƙa'ida ce: harafin ض, lodi a bakin almajirai, l yake komawa a tsofaffin kalmomin da muka aro. Wudu'u ya zama alwala, darura larura, farida farilla, damir lamiri, Ramadan Ramalan. Sauyi ɗaya ne yake ta maimaituwa a jerin kalmomi, kuma wannan shi ne shaida. Ita alƙalin, in aka cire mata ƙugiya kamar yadda jaridun Turanci na Nijeriya ke yi, sai ta yi karo da alkali ta masana sinadarai, dangin su kanwa da toka, wadda Turawa suka aro daga wata kalmar Larabcin daban, al-ƙalyu, tokar wani tsiro. Kama da wane ba ta wane.

Haka zancen yake ko a sama. Hausa da Larabci 'yan'uwa ne na nesa, gida ɗaya suka fito tare da Ibrananci da Amharik da harsunan Buzaye da tsohon harshen Masar. Joseph Greenberg ya tsayar da wannan rabo a shekarun 1950, ya sa Hausa cikin reshen Cadi na gidan. Amma shaidar ba mafi ba ce, ba miya ba ce. Tana cikin wuraren da ido ba ya saurin zuwa: mutu da mata, yamutu; suna da ism; harshe, ko halshe a Sakkwato, da lisan; t ta mace a “ta tafi” da “taktubu”; ma ta wuri da kayan aiki a makaranta da mabuɗi, maktab da miftah. Dangin gaske shekaru dubbai sun goge musu kama. Waɗanda suka yi kama sak, sau da yawa ko dai baƙin jiya ne, wato aro, ko kuwa ba su ma san juna ba.

Duk da haka ba a daina gina tarihi a kan kama ba. An ce Hausa daga Habasha take don sunayen sun yi kusa. An daɗe ana cewa boko daga kalmar Ingilishi ta littafi ya fito, har Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus da yaudara, wadda ta riga makarantar Turawa. A Borgu akwai labarin Kisra, sarkin da aka ce ya taso daga gabas ya kafa masarautu, ana danganta shi da كسرى na Farisa. A Abu Hujar kuwa kisra abin ci ce, waina mai faɗi marar kauri ta ƙullun dawa mai tsami, kuma rubutunta, كسرة, shi ne rubutun kasra, wasalin da ake sa wa a ƙarƙashin harafi. Da mai neman asali zai bi kama kawai, da sai ya aurar da sarkin Farisa ga matan da ke tuya a bakin murhu.

A Kano irin wannan hira ce ta zaure, a sha shayi a watse. A Sudan tana da nauyi. Dokar da Turawa suka yi a 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Burmi bayan 1903 suka iso. Da 'yan shekaru kaɗan doka ta bar su a waje, kuma ko da aka sassauta ta daga baya, tambayar “daga ina kuke” ba ta mutu ba; rikicin da ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ a Yulin 2022, wanda ya ci rayuka ya kori Hausawa da yawa daga gidajensu, a kan ƙasa da sarauta ya taso. Mutumin da ake yi wa irin wannan tambaya kullum, ba abin mamaki ba ne in ya ga kalmarsa ta yi kama da ta maƙwabci ya riƙe ta hannu bibbiyu a matsayin takardar shaida. Ina jin tausayin wannan, amma ban yarda da shi ba. Haƙƙin wanda aka haifa a bakin kogin nan, aka haifi ubansa da kakansa a nan, ba ya buƙatar a ƙirƙiro masa dangantaka da wata kalma. Kuma hujjar da aka gina kan kama, duk wanda ya zo da wata kamar zai rushe ta.

In ma wasan suna ake so, akwai wanda ya fi ƙarfi, kuma shi gaskiya ne. Sudan a littattafan Larabawan da ba wannan jamhuriya kaɗai ba ce. Biladus Sudan, ƙasar baƙaƙe, ta taso ne daga kogin Sanagal har Bahar Maliya, ƙasar Hausa tana tsakiyarta. Da Shehu Usmanu ya rubuta Wasiƙatu Ahlis Sudan, da mutanen Gobir da Kano da Katsina da maƙwabtansu yake. Mishan ɗin Sudan Interior Mission da aka kafa a 1893 ƙasarmu ya nufo. Mali ma Sudan ta Faransa ake kiranta kafin 1960. Ayarin Mai Wurno daga Sudan ya taso, a Sudan ya sauka. Sunayen da aka laƙaba musu a can su ma sun yi tafiya: Takruri asalinsa mutumin wata daula ce a bakin kogin Sanagal, Fallata kuma sunan da Barebari ke kiran Fulani, amma a Sudan sun zama buhun da ake zuba Bahaushe da Babarbare da Bafulatani duka a ciki.

Saura maganar gyara. Tarurrukan da aka yi na daidaita rubutun Hausa, daga Bamako zuwa Yamai, boko suka duba. A Nijeriya ajami sai ja da baya yake. A 2007 aka cire shi daga ƙananan takardun naira, kuma da yawa daga masu murna da masu fushi sun ɗauka Larabci ne aka cire, alhali Hausa ce tsantsa, naira ashirin, naira hamsin. Ga shi kuma a Sudan akwai jama'a mai yawa da Hausa ce harshen gidansu, haruffan Larabci ne rubutun hannunsu, kowa yana rubutawa yadda ya ga dama. Kayan aikin ba su ne matsala ba. Unicode, kundin haruffan kwamfuta na duniya, ya shigar da fa da ƙaf da nun irin na allonmu tun 2016, ya ƙara wasu haruffan ajamin Hausa a 2020. Akwai ma salon rubutun kwamfuta mai suna Alkalami da aka zana a kan hannun Kano. A Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum an kafa cibiyar Yusuf al-Khalifa musamman don rubuta harsuna da harafin Larabci, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa harkar ilimi a birnin. Abin da babu shi ne matsaya, da kuma allon haruffa a wayar talaka da zai bi ta.

Ra'ayina a bar wa angai g ɗinsa, a bar wa ƙaf ƙ, a kuma dawo da wasali kan kowane harafi kamar yadda magabata suke yi, ko da saƙon zai ɗauki lokaci kafin a gama bugawa. Na san saurayin Abu Hujar yana da hujja, don ق ɗin da ya saba ita ce a allon kasuwa da takardar makaranta. Amma rubuce-rubucen shekara fiye da 200 suna ɗaya gefen, kuma ba za a sake rubuta su don a daidaita da waya ba. Malaman Hausa na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Danfodiyo da takwarorinsu na Sudan su ne ya kamata su zauna su yanke wannan, su sa malaman halwa a zaman. In aka bar shi haka, jikokin mutanen Burmi za su nemi tafinta kafin su karanta waƙoƙin Hausa na Nana Asma'u.